Abin da Na Gani a Bidiyon Karafan

Ainu Shams, Alƙahira.

Zuwa ga babban wana, Yaya Ɗantsoho, a Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa wanda ya zame mata uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nana Fatima da yara da duk wanda ke cin tuwo a gidanka. Yaya ciwon gwiwar? Ukasha, wanda zai miƙa maka wannan takarda, ya ce min har yanzu kana zuwa gonar riɗi da ƙafa, wai ka ƙi hawa keken jaki don kada a ce ka tsufa. To, Yaya, ka tsufa, kuma ni ce shaida. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanya albarka a kakar bana, ya kashe wutar da ta tashi a ƙasarmu, ya mayar da kowa ɗakinsa.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Rawan ta koma karatu a Hay el-Sabi', kullum tana cikin ƙorafin cunkoson metro. Ɗanka Munzir ya yi kumatu, ka gaya wa uwarsa ta daina cewa ina barinsa da yunwa. Shi ma wancan, babban yaron gidan nan, yana nan yana zuwa aikinsa na haɗa tagogi. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, domin layinku yankewa yake yi a tsakiyar magana, kuma wannan magana idan ta yanke a tsakiya, za ka kwana kana tsine wa wanda bai yi laifi ba. Don haka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci. Ni ban yi haka ba, kuma za ka ji yadda ta kaya da ni.

Ka tuna karafan ɗin baban su Rawan, Allah ya ji ƙansa? Ɗakin nan mai taya biyu da ake ƙulla wa mota a baya, mai launin madara da shuɗin layi, wanda ka kwana a ciki lokacin da ka zo ganin likitan ido, ka ce ka kwana a cikin ƙwai. Wani tsohon Bajamushe da marigayi ya daɗe yana tuƙawa zuwa Fayyum da Siwa ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu. Tun daga nan yake ajiye a filin da ke bayan gidanmu. Da yaƙi ya tashi, ba dangin da ya sauka a Alƙahira bai fara shimfiɗa haƙarƙarinsa a cikinsa ba, har da Munzir. To, mai filin ya aiko cewa zai yi gini, mu kawar da kayanmu. Ina cikin tunanin inda za mu kai shi sai Rawan ta zo min da saƙo daga yayanta, wai a sayar kawai, ajiyar ba ta da amfani. Ban ja ba. Shi ne namijin gida, gādon ubansa ne, kuma ka san tsakanina da shi sai ɗan aike.

A nan sai in tuna maka da tarbiyyar Inna, don ita ce gindin maganar. Ka san yadda ta riƙe ka, kai ɗanta na fari: ba ta kiran sunanka, ba ta zama hira da kai, idan ka shigo ɗaki sai ta sami abin yi a waje. Ni ma haka na ɗauka, har na fi ta. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan yaron nan ba. Ba na shiga ɗakinsa, ba na taɓa kayansa, ba na tambayarsa ina ya je. A nan Masar kuwa mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta, har mai sayar da burodi haka yake yi. Na sha fama kafin maƙwabta su yarda su riƙa ce min Ummu Rawan, suna dariya suna cewa mutanenmu akwai abin mamaki. Ni kuwa alfahari nake yi da hakan, ina ganin na riƙe abin da Inna ta bar mana a ƙasar mutane.

Munzir ne ya ce kada a kira dillali, shi zai ɗauki karafan ɗin a bidiyo ya ɗora a intanet, masu so su gani da idonsu. Na ce wa zai sayi tsohon gwangwani don ya gan shi a waya? Sai ga shi yaron ya ba ni kunya. Ya wanke shi tas, ya sa Rawan ta wanke labulen ta goge, ya jira har rana ta yi sanyi bayan la'asar, wai a lokacin haske ya fi yi wa tsohon fenti adalci. Ya fara daga waje yana zagayawa a hankali, ya buɗe ƙofa, ya nuna gado da ɗan murhun gas da wurin wanke hannu, Rawan ta ɗora shayi don a ga tururi na tashi. Yana ɗauka yana magana da Larabcin Misrawa kamar mai karanta labarai, yana ba da labarin dararen da karafan ya yi a hamadar Siwa, shi da bai taɓa taka Siwa ba. Da na kalla, wallahi sai da na ji kamar in saya. Kafin a jima waya ta hana shi sakat. Ashe masu hali a garin nan tsohon abu suke nema ido rufe, irin wanda mu muke jin kunyar a gan mu da shi.

Daga nan ne abin ya fara ɗaure min kai. Ana tsaka da kiran waya sai Munzir ya sauya. Wanda ya ce zai zo yau, ya ce masa sai wani mako. Wanda ya matsa, ya ce masa ai an riga an yi magana da wani. Sai kuma ya ɗauki bidiyo na biyu, wanda ba wanda ya sa shi. A wannan karon da tsakar rana ya ɗauka, ya kwanta a ƙasa yana nuna tsatsar ƙarƙashi, ya sa yatsa a inda rufin ke yoyo, ya girgiza ƙofa don a ji ƙararta, ya nuna tayun da suka tsattsage. Na tambaye shi ko haka ake talla a Gadarif, mai tallan nono ya riƙa nuna ƙudan da ya faɗa ciki? Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ce ke sa ciniki ya yi albarka. Na ce to, yau kuma Munzir ne ke min wa'azi. A raina na ce ruwa ba ya tsami banza. Na ƙudurta cewa ya haɗa baki da wani ne, yana karya darajar abin don a saye shi da arha a raba riba da shi.

Ka san ni da zargi, Yaya, kai kake ce min mai ido a ƙeya tun muna yara. Na shiga bin diddiginsa. Duk bidiyon da ya ɗora sai na sa Rawan ta kunna min, in kalla in sake kalla. Na kuma kai maganar wurin Awadiyya, 'yar garinmu da ke sayar da shayi kusa da tashar metro, wadda ba abin da ke wucewa a unguwar nan ba ta gani ba. Ita ce ta ƙara min gishiri. Ta ce ta ga Munzir a wurin shan gahawa yana zaune da wani mutum da kowa ya san sana'arsa: shi ke haɗa samari da masu tsallakar da mutane zuwa Libiya, daga can a zuba su a kwale-kwale a tura su teku. Ta ce ta ga yaron yana magana yana haɗa hannu kamar mai roƙo. Na ce ashe abin ya wuce cin riba, amanar da ka ba ni ce ke shirin faɗawa ruwa.

Cikin masu kira akwai wata mata, Madam Hadeel, mai wurin saukar baƙi a bakin teku can Sina'i. Ita tsatsa ba ta kore ta ba, yoyo bai kore ta ba, ta ce duk za ta gyara. Ta yi magana da babban yaron kai tsaye, suka daidaita, aka sa ranar da za ta zo da mota ta ja shi. Abu ɗaya ta roƙa, a ɗauko mata wuraren ajiyar kaya na ciki ta gani. Munzir ya ɗauka ya tura mata, sannan ya turo a wayata, abin da bai taɓa yi ba. Rawan ta ce har tambayarta ya yi ta yi, wai Gwaggo ta kalla kuwa? Na kalla. Ya buɗe 'yan akwatunan sama da sauri, duk ba komai. Da ya zo kan gadon sai ya ɗaga katifa, ya buɗe ma'ajiyar da ke ƙarƙashi, ya tsaya. Ga wata baƙar jaka a ciki an naɗe ta da leda an ɗaure da salatif, ga ƙullin dabino a gefe. Ya daɗe yana nuna ta, har na zaci wayar ce ta tsaya, kafin ya rufe.

Na kai wa Awadiyya ta gani. Tana gani ta ajiye butar da ke hannunta. Ta ce haka ɗan 'yar uwarta ya naɗe tasa jakar don kada ruwa ya shiga, kuma tun da ya tafi ba wanda ya sake jin muryarsa. Na dawo gida ina ta haɗa kalmomin da zan rubuto maka. Na ce yau ɓarawo ya ɗauki kansa a hoto.

Na kira Munzir kicin na rufe ƙofa. Ba zan ɓoye maka ba, na wanke shi tas. Na ce masa maci amana ne, na ce ubansa na can yana jan gwiwa a gona shi yana nan yana neman ya zama abincin kifi, na ce zai cuci marayu ya kwashe gādonsu ya kai wa masu kwale-kwale. Ya tsaya hannunsa a baya yana kallon ƙasa. Da na gaji na yi shiru, sai ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce: "Gwaggo, don Allah ki sake kallo. Ki kalli hannun jakar."

Na fatattake shi. Amma zargi bai bar ni na zauna ba. Na kira Rawan na ce ta tsayar min da hoton a kan jakar ta buɗa shi da yatsunta yadda suke yi. A jikin hannun jakar, inda leda ba ta rufe ba, an naɗa carbi. Carbin ƙwallon aduwa ne, kuma a tsakiyarsa akwai ƙullin jan zare. Yaya, ni na yi ƙullin nan da hannuna lokacin da carbin ya tsinke wa marigayi. Bayan rasuwarsa na so in ba ɗansa, babban yaron nan, amma na kasa miƙa masa hannu da hannu, sai na ba Rawan na ce ta sa masa a ƙarƙashin matashi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na zauna a ƙasan kicin ɗin.

A zaunen nan abubuwa suka riƙa dawo min. Babban yaron ya gyara min tagar ɗakina da ta daɗe tana ƙin rufuwa, ba tare da na ce a gaya masa ba. Ya ba Rawan rediyonsa. Kwanakin nan yakan zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin kamar mai son magana, ni kuwa sai in juya baya in ci gaba da yankan albasa, ina ganin mutunci nake yi. Na san adadin lomar da Munzir ke ci, na san da wa ya zauna shan gahawa, amma ɗan da na haifa yana haɗa jakar tafiya a bayan gidana ban sani ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ranar da aka ce min ubansa ya cika.

Daga baya Munzir ya warware min komai. Abokin wasan nasa, ɗan nawa, shi ne ya gaya masa shirin, amma sai da ya sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Babban yaron ya gaji da aikin da ba ya ciyar da gida, ya gaji da jiran takardun zama, ga abokai na turo hotuna daga Italiya suna tsaye a gaban motocin mutane. Kuɗin karafan shi ne kuɗin hanya. Shi ya sa Munzir ya yi ta korar masu saye, shi ya sa ya je ya roƙi mutumin can ya ce wa ɗan uwan nasa babu wuri a tafiyar. Da Madam Hadeel ta ƙi koruwa, dabara ta ƙare masa, ga rantsuwa a wuyansa. Ya ce ya yi ta tunani, sai ya tuna duk Alƙahira ba mai kallon bidiyonsa da idon neman laifi kamar Gwaggonsa. Ka ji ɗan naka, har a wannan hali sai da ya tsokane ni.

Sanin abu daban, faɗarsa daban. Na yi niyyar in tura Rawan, na ga wannan ba saƙon ɗan aike ba ne. Na yi niyyar in ɗauke jakar, na ga zai sayi wata. Na je bakin ƙofar ɗakinsa na dawo ya fi a ƙirga. Har ranar ta zo ban ce komai ba. Shi kuwa ya riga ya aiko Rawan cewa ya sami aiki a Iskandariyya, daga wurin cinikin zai wuce tasha.

Da hantsi Madam Hadeel ta iso da direbanta. Fili ya cika, ga mai filin, ga maƙwabta a tagogi, ga Awadiyya ta bar shayinta ta zo. Munzir na taya direban ƙulla karafan a bayan mota, yana satar kallona. Sai babban yaron ya shiga cikin karafan kamar zai duba ko an manta wani abu, ya fito da jakar a kafaɗa, ya lulluɓe ta da rigar sanyi. Ya wuce ta gabana kansa a ƙasa, yadda ya saba, yadda na koya masa. Na ga bayan wuyansa, irin na ubansa sak. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce: "Husam."

Yaya, ya tsaya cak. Ya waiga wajen Rawan, ya waiga wajen Awadiyya, yana neman wadda ta kira shi, don bai san sunansa a muryata ba. Sai na sake faɗa, a gaban kowa, na ce: "Husam, ni ce. Ajiye jakar nan." Ya juyo ya kalle ni ido cikin ido, ya ce "Na'am" da wata ƙaramar murya, kamar ta yaron da ban taɓa yarda na ɗauka a gaban mutane ba. Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya zauna a kan matakin karafan ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Na je na zauna kusa da shi, matakin ma bai ishe mu ba. Madam Hadeel, Allah ya saka mata, ba ta tambayi komai ba, ta ce wa direbanta ya kashe mota a jira.

An tafi da karafan, kuɗin yana hannuna, jakar tana ƙarƙashin gadona. Amma kada ka ɗauka magana ta ƙare. Bai yi min alkawarin ya fasa ba, ni ma ban tilasta shi ya yi rantsuwar da zai karya ba. Abin da ya sa shi haɗa jakar yana nan bai gushe ba, mutumin can ma yana nan a wurin shan gahawarsa. Har yanzu idan ya yi jinkirin dawowa daga aiki sai in leƙa ƙarƙashin gado. Abin da ya sauya shi ne yanzu idan ya tsaya a bakin kicin ina juyowa. Muna magana, kaɗan-kaɗan, kamar mutanen da suka haɗu a mota. Jiya ya ce min miyata ta cika gishiri, kuma wai ta daɗe a haka.

Roƙona gare ka biyu ne. Ka kira shi, kai kawunsa, ka yi masa maganar maza, ba faɗa ba, ka ji abin da yake so ya yi da rayuwarsa, ko akwai abin da za a haɗa masa da wannan kuɗi ya tsaya da ƙafarsa a kan tudu. Kai ka san yadda ɗan fari ke ji, ni sai yanzu nake tambaya. Na biyu, ka sa wa Munzir albarka. Na ba shi haƙuri a gaban Rawan, ya ce ma'alish Gwaggo, ba komai, ya wuce, amma kalmomin da na gaya masa ba masu wucewa da wuri ba ne. Ya riƙe rantsuwarsa, ya riƙe ɗan uwansa, ya sha zagi a kan duka biyun. Ka haifi ɗa.

Ka gaishe min da Nana Fatima, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso. Ka gaishe da Fiddausi da mijinta da jaririnsu, da Shahd, da Baba Iliya idan har yanzu yana gane mutane. Rawan da Munzir suna gaishe ku, Awadiyya ma ta ce a miƙa tata. Idan ka je ziyarar kabarin Inna ka yi mata addu'a, ka ce ban yar da tarbiyyarta ba, kalma ɗaya ce kawai na ara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka Mahasin,
Ummu Husam.